Gem ɗin Teku a Shagon Baba Rasaki

Samari kan zo shagona a Sabon Gari su ce in koya musu sharhin gem. A ganinsu aikin bai wuce mutum ya miƙe ƙafa a kujera mai laushi ba, ya buga gem har ya gaji, sannan ya ɗauki waya ya ce wannan ya haɗu, wancan bai yi ba. Wani ma har ce min ya yi, "Kawu Auwalu, kai fa ka more. Wasa kake yi ana ce masa sana'a." Ban ji haushinsa ba, ni ma da ina kamarsa haka nake gani. Na fi shekara ashirin a wannan aiki, kuma a cikinsu akwai sharhi ɗaya da na yi wa wani gem na 'yan fashin teku, wanda ya yi sanadin rufe shagon mutumin da ya koya min sana'ar. Labarin da zan ba ku ke nan. Amma ba za ku gane girman kuskuren ba sai kun fara sanin yadda ake yin aikin daidai.

Aikin farko da Baba Rasaki ya sa ni shi ne gyaran hannu. Hannu shi ne abin da mai buga gem ke riƙewa yana danna madannai. Ya zube min guda takwas a kan tabarma, duk sun yi baƙi da gumi da man ƙosai, ya ba ni 'yar sukundireba da auduga da kwalbar sifirit. Sai ka kwance ƙusoshin, ka jera su a murfin kwalba kada ɗaya ta ɓace, ka ɗaga robar da ke ƙarƙashin madannai ka goge. Idan madanni ya daina ji, ka goga masa bakin fensir ta ciki, sai ya farfaɗo. Wata uku ina wannan kafin ya bar ni in kunna inji da kaina.

Baba Rasaki Bayarabe ne, musulmi, haifaffen Fagge. Kakansa ne ya zo fataucin goro ya zauna. Hausar bakinsa ta fi tawa, idan ya yi maka habaici sai ka kai gida kake ganewa. Da gyaran rediyo da talabijin ya fara, daga baya ya buɗe gidan gem a wani lungu na Fagge: talabijin shida a kan katako, inji shida, benci shida a gaba, da wasu dogaye biyu a baya na 'yan kallo. Ba ya yarda a yi caca a shagonsa, kuma da an kira salla yake kashe komai, ko da ana tsakiyar bugun fenareti.

Dokar gidan gem ɗaya ce, kuma duk mai son yin sharhi a garin nan dole ya haddace ta. Mutum biyu ne ke zama a benci, kowa da hannunsa. Su buga ƙwallo ko dambe na minti goma ko ƙasa da haka. Wanda aka ci ya tashi, na baya ya zauna. Su kuma na bayan ba zaman banza suke ba, suna ihu, suna tsokana, suna koya wa mai bugawa abin da su ma ba su iya ba. Baba yakan ce 'yan kallo su ne rabin jari, don wanda ya kalla yau shi zai buga gobe. Gem ɗin da ya dace da wannan tsari muna cewa ya zauna a benci. Wanda bai dace ba, komai kyansa, na ɗaka ne, wato na mai inji a gidansa.

Sharhi a wurinmu daga buhu ya samo asali. A lokacin 'yan kasuwar Sabon Gari kan kawo faya-fayai buhu-buhu, bangonsu duk zane mai ɗaukar ido, cikinsu kuwa Allah kaɗai ya sani. Sai ka sayi mai hoton mota, ka kunna ka tarar da gem ɗin kamun kifi da harshen da ba wanda ya iya karantawa. Baba ya gaji, ya ce daga yau ba faifan da zai hau injinsa sai na gwada shi. Ya ba ni littafin makaranta mai layi, da biro, da tsohon agogonsa, da hannun da ya fi kowanne lalacewa a shagon. Na tambaye shi dalilin lalataccen hannu, ga masu kyau a ajiye. Ya ce da irinsa mutane za su buga.

Gwajin yana da matakai, kuma bai yarda a tsallake ko ɗaya ba. Dole ka fara daga farko, daga inda sabon mai bugawa zai fara, ka duba agogo ka rubuta minti nawa aka yi kafin a sakar maka hannu ka yi wani abu mai daɗi. Kana tsakiyar wasa kuma sai Baba ya zagayo ta bayanka ba sallama ya zare soket. Ranar da ya fara yi min na kusa kuka, don na yi awa biyu ina fama da wani dodo, saura kaɗan in kashe shi. Ya ce masu wuta ba za su aiko min da takarda kafin su ɗauke ba, in kunna in ga abin da ya rage. Bayan duk wannan sai ka ɗora gem ɗin a benci da rana tsaka, ka koma bango ka tsaya. Kada ka kalli talabijin, na baya za ka kalla. Idan suka fara hira da juna, ko wani ya tafi sayen ruwa bai dawo ba, ka sami amsarka.

Sharhina na farko a bayan kwalin sabulu na rubuta shi, a kan wani gem na tseren mota. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya haɗu. Baba ya karanta ya mayar min, ya ce wannan ai mai sayarwa ma ya faɗa. Na sake. Na rubuta cewa mutum biyu na iya bugawa, tsere ɗaya minti huɗu ne, birki yana buƙatar hannu mai kyau, kuma titi na uku yana da duhun da ba a gani a tsohuwar talabijin. Wannan ya manna a ƙofa. Daga nan duk sabon faifai sai an manna kwalinsa, mutane suka fara tsayawa suna karantawa, har waɗanda ba su taɓa shiga shagon ba.

Akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa da ya zo min da faifai a aljihu. Ya ce 'ya'yansa sun matsa masa ya saya, amma ba zai ba su ba sai ya san ko akwai tsiraici ko wani abin da bai dace ba a ciki. Kwana huɗu na yi ina bugawa don in ba shi amsar da ba ta wuce kalma uku ba. Akwai kuma mai zuwa da gem ɗin da ya riga ya saya. Shi ba shawara yake nema ba, so yake ka ce ya iya zaɓe, idan ka faɗa masa gaskiya ya yi mako bai gaishe ka ba. Amma waɗanda na fi jin nauyinsu su ne masu gidajen gem, don su ba nishaɗi suke tambaya ba, tuwon gidansu ne.

Da manyan wayoyi suka zo, kwali ya koma saƙon murya. Masu gidajen gem na Fagge da Kwaciri da Rijiyar Lemo suka buɗe zaure a waya suka sa ni a ciki, duk sabon gem sai an jira Auwalu ya yi magana. Baba ya yaye ni, na buɗe shagona na gyara da sayar da kayan gem a Sabon Gari. Idonsa ya fara rauni, ya daina gwaji da kansa, abin da na ce shi yake ɗorawa. A nan ne kaina ya fara kumbura. Ga kuma wasu samari sun taso, ranar da gem ya fito ranar suke sakin nasu sharhin, abin da Turawa suka faɗa suke juyawa. Ni sai na yi mako guda ina gwaji, kafin in buɗe baki an ce ai labarin ya tsufa. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ana saura kwana tara ƙaramar Salla Alhaji Mudi ya kira ni. Dillalin injinan gem ne, shagonsa yana Titin Ibrahim Taiwo. Ya ce an kawo masa wani inji daga waje da gem a ciki wanda bai taɓa ganin irinsa ba, kuma ba wanda ya yi maganarsa da Hausa tukuna, in zo in gani. Na je bayan azahar da azumi a bakina. Ga sanyin esi, ga talabijin kamar ƙofar gareji, ga kujera mai juyawa, ga hannu sabo fil ko shatin yatsa babu. Littafina da agogona suna aljihu, ban ciro su ba.

Injin ba sabo ba ne, wani ya yi amfani da shi a can. Mai shi na farko ya riga ya yi nisa a gem ɗin, ya bar wasansa a adane a ciki. Da na kunna, zaɓi biyu suka fito: a fara sabo, ko a ci gaba daga inda aka tsaya. Alhaji ya ce in danna ci gaba in ga jirgin tukuna. Na san wanda ya kamata in danna. Na danna ci gaba, na ce a raina gobe na dawo in fara daga farko.

Ni da ban san ruwan da ya fi dam ɗin Tiga girma ba, sai ga ni a kan jirgin ruwa a tsakiyar teku, ba gaɓa gabas ba gaɓa yamma. Gem ne irin wanda ba a shata maka hanya, ga taswira, ga duniya, je ka inda ka ga dama. Kai ne shugaban 'yan fashin teku. Ka juya sitiyarin katako jirgi ya karkata, mutanenka su ja igiya suna waƙa. Ka hango jirgin 'yan kasuwa can nesa, ka bi shi, ka juya masa gefe ka sakar masa igwa. Hayaƙi ya turnuƙe, katako ya tarwatse, ka kama igiya ka yi lilo ka dira a cikinsu da takobi biyu. Ina cikin haka hadari ya taso, ruwa ya ɗaga jirgin har sai da na riƙe kujera. Na sauka a wani tsibiri, na bi taswira na haƙo akwatin da aka binne a gindin bishiya. Kowane faɗa bai wuce minti bakwai zuwa goma ba. Na manta da ƙishirwa, ban farga ba sai da Alhaji ya taɓa kafaɗata ya ce mu je la'asar.

A bakin masallaci, ko takalmi ban gama sawa ba, na ɗauki waya na yi saƙon murya. Har yau ina iya maimaita shi. Na ce ban taɓa ganin gem irin wannan ba, teku ce aka zuba a cikin talabijin, faɗan jirgi minti goma ne kuma mai kallo ma sai ya riƙe numfashi, duk wanda ya yi Salla babu shi, ya yi asara. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kafin shan ruwa saƙon ya zaga, ana ta kirana, kuma na riga samarin nan. Na ji daɗi ƙwarai. Wurin Alhaji Mudi kuwa ban koma ba, ban ga abin komawa ba tunda magana ta riga ta fita.

Washegari da hantsi sai ga Baba Rasaki a ƙofar shagona, ya tako tun daga Fagge. Bai saba zuwa ba, ni ke zuwa wurinsa. Na ba shi kujera, muka gaisa. Ya faɗa min abin da na riga na sani: wani ya buɗe sabon gidan gem a tsallaken lungunsa, talabijin ɗinsa sun fi girma, yana da fanka huɗu, kuma ƙwallon da Baba ke sawa ita shi ma yake sawa. Kwanakin Salla su ne kakar gidan gem, wanda ya kama mutane a kwana ukun nan ya kama su har shekara. Baba yana neman abin da babu a tsallake.

"An kunna min saƙonka," in ji shi. "Tambaya ɗaya na zo yi. Zai zauna a benci?"

Na tuna faɗan minti goman nan. Na san gem ɗin na mutum ɗaya ne, amma na ce a raina sai a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya yi faɗa ɗaya ya miƙa wa na baya.

"Zai zauna, Baba."

Bai tambaye ni ko na fara daga farko ba, bai tambaye ni a ina na buga ba. Shi ya koya min aikin, bai ga dalilin tambaya ba. Ina da damar in ce ya ba ni kwana biyu in tabbatar. Na ƙi, don kada ya gane na tsallake abin da ya koya min. Magana kuwa zarar bunu ce. Ya miƙe ya ce in zo in ɗauki inji huɗu.

Injinan lokacin ba faifai ake sa musu ba, loda musu gem ake yi a ciki, kuma cikin na Baba ƙarami ne. Ni na kai su a adaidaita sahu wurin mai lodi a kasuwar Sabon Gari. Ya duba ya ce gem ɗin teku ƙato ne, ba zai shiga ba sai an goge ƙwallo da dambe. Na kira Baba, ya ce idan na ga ya dace a goge. Aka goge. Saboda layi ya yi yawa ba mu karɓo su ba sai ranar jajibiri da yamma, mai lodi ya kulle shago ya tafi garinsu yin Salla. Ko a lokacin ma, da na zauna na rabin awa da na gane. Amma ina sauri in karɓo ɗinkin iyali wurin tela, na kunna ɗaya, na ga hoton jirgi ya fito, na kashe.

Ranar Salla bayan an sauko daga Idi na gaisa da dangi, na nufi shagon Baba ina tsammanin ihu zai tare ni. Akwai ihu a lungun, amma daga tsallake yake fitowa. Shagon Baba cike yake da mutane cikin sababbin kaya, an biyo saƙona an zo ganin teku. A talabijin huɗun kuwa babu teku. Sabon wasa yana farawa ne da doguwar hira da Turanci tsakanin mutum biyu a wani ɗaki, kuma ba a iya tsallake ta. Bayanta sai a sa ka bi wani mutum a cikin kasuwa a hankali kada ya gan ka, idan ya waiwaya ya gan ka a mayar da kai farko. Sai wata hirar. Sai a koya maka hawan bishiya. Daga baya da na auna da agogo, sai mutum ya yi fiye da awa uku kafin a ba shi jirgi, shi ma ɗan ƙarami mai igwa biyu, ba irin wanda na tuƙa a shagon Alhaji Mudi ba.

Ba a cin kowa, don haka ba mai tashi. Hannu na biyu yana ajiye a benci ba mai taɓa shi. Baba ya ciro agogo ya ce minti goma-goma, sai wani ya ce nasa minti goman duk a sauraron Turanci suka ƙare, bai danna komai ba. Gaskiyarsa ne. Na koma bango na tsaya kamar yadda aka koya min, na kalli na baya. Suna hira, wasu suna latsa waya. Injinan ƙwallo biyun da suka rage layinsu ya kai waje, wanda ya gaji da jira sai ya tsallaka lungu. Baba bai dube ni ba, yana ta bai wa mutane haƙuri.

Wanda ya so ya cece mu shi ne Malam Bulus, malamin sakandare, mutumin wajen Zariya da ke zaune a Sabon Gari. Tsohon kwastoma ne, duk hutu yana benci shi da abokin karawarsa Iro mai faci, sun fi shekara goma suna cin juna a ƙwallo suna zolaya. Bulus yana jin Turancin. Rana ta biyu ya zauna tun safe har yamma, ya wuce hirarrakin nan, ya sami jirgi, ya fara tara katako da ƙarfe don ya ƙara masa igwa. Da ya yi faɗansa na farko a teku 'yan kallo suka miƙe tsaye, na ji irin ihun da na yi alkawari. Na yi hamdala, na ce gobe sai a riƙa ɗora kowa a kan jirgin Bulus.

Abin da ban sani ba, don ban gwada ba, shi ne gem ɗin da kansa yake adana duk abin da aka yi, kuma wurin adanawar ɗaya ne. Rana ta uku Iro ya riga Bulus zuwa, ya zauna a injin. Ba mugunta ya yi ba. Ya shiga tashar jiragen ruwa ya ga ana ciniki, ya sayar da katako da ƙarfen da Bulus ya wuni yana tarawa, ya sayi hula mai gashin tsuntsu da jan fenti. Sannan ya fita ya harbi jirgin sojoji, suka sa shi a gaba, duk inda ya leƙa sai su nutsar da shi. Bulus ya zo ya tarar da jirginsa ja, ba komai a ciki. A ƙwallo idan an ci ka sai ka ce a sake, nan kuwa babu a sake. Maganganun da suka faɗa wa juna ba zan maimaita ba. Baba da shekarunsa ya shiga tsakaninsu har hularsa ta faɗi. Bulus ya ɗauki jakarsa ya fita, Iro ya tsallaka lungu.

Na yi ta faɗi-tashi in gyara ɓarnar. Na koma wurin Alhaji Mudi in kwafo wasan babban jirgin nan, wasan ya ƙi hawa injin Baba, a ɗaure yake da injin da aka buga shi. Na nemi wani mai lodi, shagunan layinsu duk a rufe. Namu bai dawo ba sai bayan kwana goma. Aka mayar da ƙwallo, aka mayar da dambe, benci ya zauna yana jira. Gidan gem kamar teburin mai shayi yake, inda abokanka suka zauna nan kake zama. Su kuwa sun riga sun saba da fankar tsallake.

Na yi sabon saƙo na janye maganata, na faɗi inda na yi kuskure dalla-dalla. A nan na gano abin da ya fi yi min ciwo. Masu gidajen gem na Rijiyar Lemo da Kwaciri da suka ji saƙon farko, kowa inji ɗaya ya ɗora wa, wasu ma cewa suka yi sai sun ga yadda ta kaya a wurin wasu. Sun yarda da ni rabi da rabi, kuma hakan ya cece su. Mutum ɗaya ne ya yarda da ni gaba ɗaya.

Shekarar ma ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Man janareta ya yi tsada, wuta ta ƙara ƙaranci, samari da yawa suka koma buga gem a wayoyinsu. Mutane kan ce min ko ba ni ba shagon Baba da ya rufe. Wataƙila. Amma na tsallaken lungu yana nan har yau, kuma a gidan mai ɗaya suke sayen mai. Baba ya ja har bayan damina, inji shida suka koma huɗu, huɗu suka koma biyu. Kafin wani azumin ya zagayo wani mai sayar da ruwan leda ya karɓi shagon. A duk wannan lokaci bai taɓa ce min uffan a kan maganar ba. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Kunya ta sa na daina bin lungun, idan zan je Kwaciri sai in zagaya ta wata hanya.

Wata biyar bayan rufewar ya aiko a kira ni. Na je gidansa bayan la'asar, na tarar da shi a soro a kan tabarma da tabarau mai kauri, ga talabijin a kan 'yar kujera, ga injin guda ɗaya da ya hana a sayar. A allon ga jirgi a tsaye a tasha, ya fi na shagon Alhaji Mudi girma. Ashe tun da ya rasa abin yi da rana ya sa aka sake loda masa gem ɗin, ya fara shi daga farko, a hankali, yana matsawa dab da talabijin, har ya kai ƙarshensa.

Ya yi min sharhin da ya kamata ni in yi. Ya ce aikin bin mutum a baya ya yi yawa, kamar masu gem ɗin sun rasa abin cike wuri. Faɗan takobi ba wuya, madanni biyu sun ishe ka. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar teku ba ka rasa fiye da minti biyar, nan sun kyauta. Tsibiran kuma idan ka ga goma ka ga sauran. Amma tekun, ya ce, ba shi da abin cewa. Akwai ranakun da ba ya faɗa da kowa, sai ya saki jirgi yana tafiya yana sauraron waƙar mutanensa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yafe min. Ban fara daga farko ba. A shagon Alhaji Mudi na buga, a kan wasan wani."

"Na sani tun ranar Salla," in ji shi. "Kuma tun ranar na yafe maka." Ya gyara tabarau. "Gem ne mai kyau, Auwalu. Duk abin da ka faɗa a saƙonka haka yake. Amma ni ba kyansa na tako na tambaye ka ba."

Aka kawo fura muka sha, muka yi hirar unguwa, na tafi ina ganin magana ta wuce. Tun daga ranar ban sake buɗe baki a kan gem ba sai na cika duk matakan, ko da samari sun riga ni da mako biyu. Mutane sun dawo suna saurarona, yawancinsu ma sun manta. Ni da Baba muna zumunci, ya zo sunan 'yata, ina kai masa gaisuwa duk Salla.

Bara ina zaune a ƙofar shago na hango shi tafe da sandarsa, shi da wani maƙwabcinsa da ya bar aikin gwamnati. Na miƙe na tare su. Baba ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce maƙwabcin nasa gidan gem zai buɗe, sun fito neman shawarar gem ɗin da zai ɗora. Na jawo kujera biyu na goge su da rigata. Baba ya dafa kafaɗata ya ce wa mutumin ni yaronsa ne, idan injinsa ya lalace nan zai kawo, ba wani wuri ba. Sannan ya ce bari su ƙarasa kafin rana ta yi zafi. Na bi su da kallo har suka shiga shagon wani saurayi mai sharhin gem, ƙofa biyar gaba da tawa. Na mayar da kujerun ciki.